Ɗorin da ya matse: sakaci, diyya da kotu, daga Bune zuwa Legas

A ƙauyukan Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda tuddan rairayi suka kewaye kwaruruwan dabino da kanwa, karaya ba baƙuwa ba ce. Yaro ya faɗo daga amalanke, ko jaki ya kayar da shi a hanyar rijiya. Kafin a yi zancen gidan likita, an kai shi wurin maɗori. Maɗori ya ja hannun, ya shafa magani, ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tam. Sau da yawa ƙashin yakan haɗe lafiya, shi ya sa mutane ba su daina zuwa ba. Amma wani lokaci ɗaurin yakan matse fiye da kima. Daren farko yaron ya kwana yana kuka, a ce masa ya daure, ɗori ya gaji haka. Kwana na biyu yatsu sun kumbura, sun yi sanyi. Na uku kukan ya ragu, iyaye su ce alhamdu lillahi, alhali jijiyoyi ne suka mutu. Ranar da aka samu mota zuwa Gure, daga can aka tura su babban asibitin Damagaram, abin da ya rage wa likitan fiɗa shi ne ya duba inda zai yanke.

Da sun dawo gida, maƙwabta za su zo jaje, kowa ya ce haka Allah ya ƙaddara. Maɗori ma zai zo, a ba shi tabarma.

Irin wannan rauni ne ya kai wani likita gaban alƙali a Legas. A watan Janairun 2023 babbar kotun jihar ta yanke wa mai wani asibiti mai zaman kansa ɗaurin shekara ɗaya, saboda wani saurayi ɗan shekara 16 da ya sa wa filasta a ƙafa, filastar ta matse, yaron ya yi ta kukan zafi, ba a cire ta a kan lokaci ba har ƙafar ta lalace. Abin da ya faru da tsokar ƙafar saurayin Legas shi ne abin da ke faruwa da tsokar hannun yaron Bune: nama ya kumbura a wurin da babu sararin kumburi, jini ya daina kaiwa. A Legas akwai wanda ya rubuta ranar, ya ajiye takardun, ya nemo wasu likitoci suka ba da shaida. A Bune ba a rubuta komai ba.

Mutane da yawa suna ɗauka neman diyya a kan kuskuren mai magani ɗabi'ar Nasara ce, wadda ba ta dace da Musulmi mai tawakkali ba. Littattafan da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan Damagaram sun nuna akasin haka. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo mas'alar mai yin kaciya da hannunsa ya zarce ya yanke kan gaban yaro, ya ce diyya ta hau kansa, domin kuskure ne, kuma danginsa na wajen uba, waɗanda malamai ke kira aƙila, su ne za su haɗu su biya. Akwai hadisi a cikin Abu Dawuda da Nasa'i da ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yin magani ba tare da an san shi da sanin magani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane malamin zaure ya sauke, ta ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ta kuma ce mai jan dabba da mai kora ta da wanda ke kanta duk suna da alhakin abin da ta taka. Wato tun fiye da shekara dubu aka yi hukuncin mai amalanke. Malaman Malikiyya har babi suka ware a kan lamunin masu sana'a, irin su maɗinki da marini da maƙeri, idan kayan mutane suka lalace a hannunsu.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ita ce tushen maganar kisan kuskure. Ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, sannan ta ba su damar yafewa a matsayin sadaka. Jerin nan yana da muhimmanci: haƙƙi ya fara tabbata, sa'an nan mai shi ya yafe in ya ga dama. Abin da ya zama ruwan dare a ƙauyuka shi ne a tsallake rabin farko. Uba yana cewa ya bar wa Allah tun bai san me ya faru ba, tun ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga inda aka yi kuskure, ga abin da yake da iko ya nema. Wannan ba sadaka ba ce, domin mutum ba ya sadaka da abin da bai san nasa ba ne. Kuma hannun da aka yanke ba na uban ba ne, na yaron ne, shi zai rayu shekara hamsin yana noma da hannu ɗaya.

Tsarin aƙila ma abin dubawa ne. Shari'a ta gane cewa ƙwararre yana iya kuskure ba da mugun nufi ba, kuma in aka ce shi kaɗai zai biya raƙuma 100, babu wanda zai sake taɓa aska. Sai ta raba nauyin a kan jama'a masu yawa. Aikin da asirans ke yi ke nan a yau, abin da 'yan Najeriya ke kira inshora.

Kotunan Nijar suna aiki da al'ada a shari'ar aure, saki, gado da gonakin da ba a yi musu takarda ba. Rauni da kisa kuwa suna ƙarƙashin rubutacciyar doka, wadda aka gada daga Faransa. Ayoyi na 1382 da 1383 da 1384 na kundin Code civil sun ce wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa, ko da sakacinsa, ko ta hanyar abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, dole ya gyara. Dokar hukunta laifuka kuma ta tanadi horo a kan jikkata mutum ko kashe shi ba da gangan ba. A kan likita, alƙalan ƙasashen da ke bin tafarkin Faransa har yanzu suna komawa ga hukuncin Mercier na 20 ga Mayun 1936, shari'ar wata mata da hasken na'urar asibiti ya ƙona mata fuska. Kotun ƙolin Faransa ta ce likita bai yi alkawarin warkarwa ba, amma ya yi alkawarin kulawa da natsuwa da gaskiya, daidai da abin da ilimin zamaninsa ya sani. Saboda haka mutuwar majinyaci ita kaɗai ba hujja ba ce. Sai an nuna laifi, an nuna ɓarna, an nuna cewa laifin ne ya haifi ɓarnar. Idan asibitin na gwamnati ne, gwamnati ake ƙara, bisa ƙa'idar da ta samo asali daga hukuncin Blanco na 1873, shari'ar wata 'yar shekara biyar da keken masana'antar taba ta gwamnati ya take a birnin Bordo har aka yanke mata ƙafa.

Nuna laifin shi ne inda ƙararraki ke mutuwa. A 2006 kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar Ojo da Gharoro: an yi wa wata mata fiɗa a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna a cikinta. Duk mai jin labarin zai ce ai magana ta ƙare. Kotu ta kori ƙarar. Likitocin sun yi bayanin yadda allura ke iya karyewa ba tare da sakaci ba, ita kuwa ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayanin nasu ba. Darasin yana da ɗaci: shaidar likita sai likita, kuma a ƙasar da likitocin fiɗa 'yan kaɗan ne, yawancinsu sun yi makaranta ɗaya, samun wanda zai tsaya gaban alƙali ya ce abokin aikinsa ya yi kuskure ba ƙaramin aiki ba ne.

A Ingila, tun daga shari'ar Bolam ta 1957, ma'aunin shi ne ko akwai rukunin likitoci masu mutunci da za su yi abin da wanda ake ƙara ya yi. A watan Maris na 2015 kotun ƙolin Birtaniya ta karya wannan ma'auni a fanni ɗaya, fannin bayani. Nadine Montgomery mace ce 'yar ƙaramar halitta mai ciwon sukari, irin matan da jariransu kan yi girma a ciki. Akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 cewa kafaɗun jaririn za su maƙale wajen haihuwa. Likitar da ke duba ta ba ta gaya mata ba, kuma ta faɗa wa kotu dalilinta: in ana gaya wa mata, kowace za ta nemi a yi mata fiɗa. A 1999 kafaɗun suka maƙale, iska ta yanke wa jaririn, ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. Kotu ta ce ba likita ke zaɓa wa mace haɗarin da za ta ɗauka da jikinta ba, dole a gaya mata duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ake da su. An biya diyya fam miliyan 5.25. Faransa ta riga ta kama wannan hanya tun 1997, lokacin da kotu ta ce likita ne zai tabbatar ya yi bayani, ba majinyaci ne zai tabbatar ba a yi masa ba, sannan dokar 4 ga Maris 2002 ta bai wa majinyaci ikon karɓar takardun jinyarsa.

Ba kullum kotuna ke karkata wajen majinyaci ba. Ita wannan kotu ta Birtaniya ta ce a 2023, a shari'ar McCulloch, likita ba sai ya lissafa kowace hanya ba, sai waɗanda a ganin masana suka dace. A Janairun 2024, a shari'ar Paul, ta hana diyya ga 'yan uwan da suka shiga firgici saboda sun ga nasu ya faɗi ya mutu da cutar da asibiti ya kasa ganowa. Amma ginshiƙin Montgomery yana nan, kuma shi ne ya fi shafar mace mai naƙuda da aka ɗauko daga Bune. An ce wa mijinta ya dangwala yatsa a takardar Faransanci. Ita Barbarci take ji ko Fulatanci, ba wanda ya tambaye ta komai. Wasu lokuta sai ta farka take jin an cire mahaifa, wasu lokuta ma sai bayan shekaru, da haihuwa ta ƙi zuwa. Mai yiwuwa fiɗar ce ta ceci ranta, kuma likitan ya yi daidai. Rashin bayanin laifi ne mai zaman kansa.

Ƙasar Hausa tana da nata babban misali a kan wannan. A 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Ana cikin annobar kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, wasu suka tashi kurame ko shanyayyu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a 2000 aka shiga kotuna a Najeriya da Amurka. A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yanke a shari'ar Abdullahi da Pfizer cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar duniya, kuma ana iya sauraren ƙarar a Amurka. A shekarar ne kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba: 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta na tabbatar da dangantaka. Shekara 15 ke nan.

Kuɗin da aka biya bai kai ɓarnar da rashin amana ya yi ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Damagaram ma tana cikin yankin da sanƙarau ya saba aukawa. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar, 18 suka rasu. Duk ma'aikacin da zai shiga ƙauye da akwatin allura yana buƙatar mutane su yarda da shi, kuma wannan yardar tana raguwa da kowane kuskuren da aka binne ba bayani.

Nijar ma ta ga nata. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan famfon da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku zuwa huɗu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Shekara da shekaru yara suna sha, haƙora suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ce ta tsaya a kan maganar, ita da takwararta ta ƙasa da ƙasa, FIDH, suka fitar da rahoto a 2002. Iyayen Tibiri sun daɗe suna ganin ƙafafun 'ya'yansu, amma sai da aka auna ruwan aka rubuta sakamakon sannan abin ya zama ƙara.

Inda doka ta fi sauƙaƙa wa talaka shi ne haɗarin mota, kuma nan ne mutane suka fi rashin sani. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar asirans ta CIMA a Yawunde a 1992, kundin dokokinta ya fara aiki a 1995. Ya wajabta asirans a kan kowane abin hawa mai inji. Fasinja ko mai tafiya a ƙasa da mota ta jikkata ba sai ya tabbatar da laifin direba ba, kuma ba a hana shi diyya don an ce shi ya yi ganganci, sai in da gangan ya nemi cutar da kansa. Kamfanin asirans ne doka ta ɗora wa ya kawo tayin biya. Sai dai an sa wa diyyar ma'auni, ana lissafa ta da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, wanda a Nijar ya daɗe a kan sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa jaka 42 a 2024. Manomi ko makiyayi da ba shi da takardar albashi, da wannan ma'auni za a auna ƙafarsa. Kuɗin ba su da yawa, amma sun fi babu nesa. Matsalar ita ce motocin kasuwa da ke ratsa rairayi da mutane a saman buhuna, da kabu-kabun ƙauye, da yawansu ba su da asirans. In kuma an yi haɗari, sau da yawa akan roƙi iyalan kada a kira jandarma, a gama a gaban mai gari. Da an yi haka takardar binciken haɗari ba ta samu ba, kuma in babu ita kamfanin asirans ba ya ko duba mutum.

Adalci ne a faɗi halin da ma'aikatan lafiya ke ciki. Majo, wato ma'aikacin jinya, shi ɗaya a gidan likitan ƙauye yana duba yara masu zazzaɓi tun safe, ya karɓi haihuwa da fitilar waya da dare, ba jini, wani lokaci ba man da za a zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, fiɗar haihuwa ma haka, amma kuɗin da ya kamata ta mayar wa asibitoci sun riƙa makara har kantunan magani suka bushe. Ɗaure irin wannan ma'aikaci saboda mace ta mutu a hanyar Gure zalunci ne a kan zalunci, kuma abin da zai haifar shi ne kowa ya riƙa tura majinyaci gaba don kada ya mutu a hannunsa. Wannan ne amfanin ƙa'idar Blanco: gazawar tsari, gwamnati ce za ta biya. Amma akwai abin da ba talauci ke kawo shi ba. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 a kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna yadda ake yi wa majinyacin da bai san kowa ba: tsawa, ƙyaliya, barin mai naƙuda ita kaɗai. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin a gyara shi, kuma shi ne ya kamata majalisar ladabtar da likitoci da shugabannin asibitoci su riƙa hukuntawa tun kafin a je kotu.

Shi ma maɗori ba a ce ya bar sana'arsa ba. A ce masa dai, in yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, ya kwance ɗaurin nan take ya tura yaron likita, in kuma ya ƙi, akwai lamuni a kansa, a Risala da Code civil duka.

Uban da ya yanke shawarar neman haƙƙin ɗansa zai fara da kotun Gure. Manyan ƙararraki da ɗaukaka ƙara suna Damagaram, tafiyar kilomita kusan 160 daga Gure, lauyoyi kuma kusan dukansu suna Yamai, wani kilomita 900 gaba. Tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don ba marasa ƙarfi shawara da taimakon shari'a kyauta. Kotun CEDEAO, wadda a 2008 ta sa gwamnatin Nijar ta biya Hadijatou Mani sefa miliyan 10 saboda ta kasa kare ta daga bauta, ta yi nisa tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ko ina ya je, abin da za a fara tambayarsa takardu ne: karnen jinya, takardar da aka tura su da ita daga gidan likita zuwa Gure, takardun sayen magani, shaidar likita mai nuna girman raunin. A gidaje da yawa waɗannan takardu suna cikin leda a ƙasan akwatin uwar yaron, in gara ba ta riga ta ci su ba. Wadda ta fi kowace nauyi a gaban alƙali ita ce ta ranar farko, inda majo ya rubuta kwanan wata da awa, da launin yatsun yaron lokacin da aka kwance tsumman, da kwana nawa ɗaurin ya yi a hannunsa.